Sai Ranar da Mai Ya Daskare

Na daɗe ina riƙe da maganar nan a ciki har ta hana ni sakat. Yau zan amayar da ita, wanda zai ji haushi ya ji, ni ma ban fita a ciki da hannu mai tsabta ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na yi ritaya shekara shida ke nan, amma unguwarmu ba ta san wani abu wai shi ritaya ba. Wanda ya yanke da wuƙa, da wadda ɗanta ya cusa ƙwayar wake a hanci, duk ƙofar Mama Nas suke bugawa. Katanga ɗaya ce tsakanina da gidan Baba Mai Bargo, kuma tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ni nake shiga kowace safiya in juya shi, in goge masa jiki, in motsa masa hannu da ƙafa. Shi kaɗai ne bai taɓa ce mini Nas ba. Likita yake kira na, wai ƙarin girma ne ya yi mini tunda gwamnati ta manta.

Shekara arba'in ya yi yana sayar da barguna da rigunan sanyi, kuma yana da hanyarsa ta sanin shigowar sanyi. Wata 'yar kwalbar man kwakwa ce yake ajiyewa a bakin taga.

"Masu ilimi su yi ta lissafinsu, Likita," in ji shi. "Ni dai ranar da na tashi na ga man nan ya daskare ya yi fari, na kifa kwalba bai motsa ba, to ranar nake kwance dila. Sati biyu, ko zare ba za ki tarar a shago ba."

Shagon yanzu yana hannun ɗansa, wanda 'yan kasuwa ke kira Ƙaramin Mai Bargo, mu kuma muka gutsure muka bar Ƙarami, ko da yake tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki. Shi da matarsa da yaransu uku suke zaune da tsohon a gidan da tsohon ya gina.

Ina cikin motsa wa Baba yatsu wata safiya sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida, an ɗora mata diloli har sama. Ƙarami ya shigo ya durƙusa a gaban gado, abin da ban saba gani ba.

"Baba, kayan bana sun iso. To sito na kasuwa ɓera ya yi yawa, rufin ma yana yoyo. Na duba duk gidan nan, ba inda ya dace da kaya sai ɗakin nan naka."

Ɗakin kuwa ɗaki ne. Yana da silin, da taga biyu da iska ke ratsawa, ɗaya tana kallon bishiyar mangwaron tsakar gida. A jikinta akwai wani koren labule da marigayiya matarsa ta ɗinka, wanda fitila ta taɓa ƙona wa gefe, ta yi masa faci da ƙyallen bakin bargo shuɗi. A nan ta rasu, a kan gadon da yake kwance.

"Ni kuma ina za a kai ni?" Baba ya tambaya.

"Ɗakin baya. Ɗumi gare shi, Baba, ya ma fi dacewa da kai a lokacin sanyi. Ai kai ka koya mini. Ranar da man ya daskare zan kwance kaya, sati biyu sun ƙare, ka dawo ɗakinka."

Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya ɗaga mini hannunsa mai lafiya. Har wani annuri na gani a fuskarsa, don an tuna masa da sana'arsa.

"Yaron nan ya yi gaskiya, Likita. Kaya ba sa son laima, ba sa son ɓera. Ni kuwa wane ɓera ne zai ci ni? Ai sai ya karya haƙori."

Abu biyu ya ce a haɗa shi da su: rediyonsa da kwalbar mai.

Abin da suke kira ɗakin baya, sito ne. Yana can ƙarshen gida, bayan kicin, tsakanin kejin kaji da rumfar janareta. Rufin kwano ne tsurarsa, idan na miƙa hannu ina taɓa shi. Taga ɗaya ce, 'yar mitsitsiya, a nan na ɗora masa kwalbar yadda zai iya kai hannu. Na ce a raina, to, sati uku ne ko huɗu, a yi haƙuri.

Sai sanyi ya ƙi zuwa.

Watan da muka saba fito da rigunan sanyi ya kama, ya raba, ya ƙare, yara na tafiya makaranta da 'yar shara-shara suna gumi. Sauro da ya kamata a ce ya yi sallama sai ma ƙara ƙiba yake. Mangwaron tsakar gida bai yi fure ba, ganye kawai ya yi ta fitarwa. Mai shayin bakin titi ya koma sayar da ruwan sanyi. Tsofaffi a bakin layi ba su da hira sai wannan: tun da suke ba su taɓa ganin shekara irin ta bana ba, kuma in haka za a ci gaba, me jikoki za su tarar?

Ƙarfe goma na safe kwanon nan ya fara ɗaukar zafi, kafin azahar ɗakin ya zama tanda. Kullum na shiga, abin da Baba ke fara yi shi ne ya ɗauki kwalba ya karkata ta. Man ya gangara kamar ruwa. Sai ya mayar ya ce, "Gobe, in Allah ya so."

A sati na uku ƙurajen zafi suka feso masa a wuya da baya. A na biyar fatar ƙugunsa ta yi ja, ta saɓule. Duk wanda ya yi jinya ya san wannan ciwon, na kwanciya ne, kuma gumi ne abincinsa. Na sami matar Ƙarami a kicin na ce a sa masa fanka.

"Wayyo Mama Nas, ai wayar wuta ba ta kai can ba. Kuma kin san tsofaffi da fanka, yanzu sai mura."

"To a riƙa juya shi bayan awa biyu."

"Ni da yara uku da girki? Kuma surukina ne fa, da kunya."

Na tare Ƙarami yana shiga mota. Ya ce mai gyaran wuta zai zo ranar Asabar. Asabar uku suka wuce ban ga ko inuwarsa ba.

Wata rana na lura fitsarin Baba ya yi duhu, leɓensa ya tsage, ga kofin ruwa a cike tun na jiya. Na tsare shi da ido.

"Baba, me ya sa ba ka shan ruwa?"

Ya kau da kai. Da ƙyar ya faɗa. In ya sha, fitsari zai kama shi. In ya kira, ba mai ji daga nan, ballantana in an tayar da janareta. Sau biyu yana jiƙa shimfiɗa ya wuni, ya kwana a ciki har na zo da safe. Shi ne ya ga gara ya rage sha. Mutumin da a da in ya yi gyaran murya a zaure duk gidan ke nutsuwa, shi ne yake auna ruwan da zai sha don kada ya dami kowa. Na fita waje na yi kuka a bayan kejin kaji, sannan na wanke fuska na dawo.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba kansa yake tausayi ba. Rediyon nan kullum a kunne, kuma a watannin nan ba abin da ake tattaunawa sai ɗumamar yanayi. Masana su ce hayaƙin masana'antu ne, su ce ƙanƙara na narkewa a can ƙarshen duniya, su ce abin da aka gani bana somin taɓi ne. Baba ya kasa kunne, fuskarsa ta yi nauyi.

"Likita, in da gaske suke, sana'armu ta mutu ke nan. Yaron nan ya zuba duk ƙarfinsa a kayan nan. Kin ga ya daina leƙo ni? Kunya yake ji. Ki ce masa kada ya sa damuwa a ransa, ni ba na gaggawa. Sanyi ko na kwana uku ne in ya zo, za a sayar."

Addu'ar sanyi yake yi, ba don ya koma ɗakinsa kawai ba, don kada ɗansa ya karye.

Ranar da na gane gaskiyar maganar, ruwan zafi na shiga nema don wanke ciwo. Ba kowa a kicin. Na bi ta barandar tsohon ɗakin Baba, inda na daina bi tunda aka rufe shi. Ina wucewa ta bakin ƙofar sai na ji wani sanyi ya lashe mini idon sawu. Na tsaya. Daga ƙarƙashin ƙofar yake fitowa. Na tura.

Ba dila ko ɗaya. An shafe bango da farin fenti, an shimfiɗa tayil, ga kujerun kushin masu ruwan toka, ga talabijin ta cinye rabin bango. An cire koren labule an rataya wasu masu sheƙi har ƙasa. A sama, inda hoton marigayiya yake a da, na'urar sanyaya ɗaki ce take huci. Ƙarami na kishingiɗe da rimot a hannu. Ashe sanyin da tsoho yake jira wata biyu yana nan cikin ɗakinsa, a manne da bango.

"Ina kayan?" na ce.

Ya tashi zaune yana gyara hula. "Mama Nas, zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ina kayan?"

"Na tura su tun sati na uku. Da na ga yadda shekarar take, na haɗa su da wani abokin ciniki da ke kai kaya garuruwan kan dutse. Can har yanzu ana ɗan sanyi."

"Tun sati na uku. Ubanka kuma?"

"Ki fahimce ni. Harkar bargo ta ƙare, kina jin rediyo. Yanayi ya canja, dole mutum ya canja. Yanzu fankoki da na'urorin sanyi zan koma sayarwa, manyan mutane za su riƙa zuwa gidan nan. A ina zan sauke su? Kuma tsakani da Allah, warin ciwon nan, in baƙo ya shigo..."

"Ciwon da ɗakin baya ya jawo masa?"

"Zan gina masa wani. Da silin da komai. Bari dai abubuwa su daidaita."

Na ce masa yanzun nan zan je in faɗa wa Baba. Sai ya sauke murya, ya dube ni irin kallon wanda ya riga ya shirya amsarsa.

"Ke ce ma'aikaciyar lafiya. Kin san hawan jininsa. In kika faɗa masa ya sake faɗuwa, wa ya kashe shi, ni ko ke?"

Nan ya kama ni. Na san ƙarya yake fakewa da ita, amma na san awon jinin ma, ni nake aunawa. Na juya cikin takaici na koma neman ruwan zafina.

Sati uku na yi ina shiga siton nan da wannan abu a bakina. Na jawo waya daga gidana ta kan katanga na sa masa 'yar fankata. Na riƙa zuwa sau uku a rana maimakon sau ɗaya. Na ce wa kaina ai ina yin iya ƙoƙarina. Amma kullum ya karkata kwalba ya ce, "Likita, kin leƙa kayan? Ɓera bai shiga ba?" sai in ce, "Lafiya lau suke, Baba." Da bakina na faɗa, ba sau ɗaya ba.

Ana gab da fita lokacin sanyin gaba ɗaya, wata la'asar hadari ya haɗu ba zato, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, abin da ba a saba gani a watan ba. Washegari na tashi yatsuna sun ƙage. Iska mai sanyi tana kaɗawa, irin wadda muka manta da ita.

Ƙarfe bakwai na shiga wurinsa. Kwanon da ya gasa shi wata uku, yau shi ne ya koma ƙanƙara. Baba na kwance da zanen gado ɗaya, haƙoransa na haɗuwa, amma dariya yake yi. Ya ɗaga kwalbar a kife. Man ya yi fari fat, bai motsa ba.

"Likita! Kin gani? Na faɗa miki! Kira mini yaron nan, yau za a kwance dila. Ki ce wa 'yar nan ta ciro mini bargo ɗaya, masu gashin nan na dilar bakin ƙofa. Yau ni ne mai sayen farko."

Na leƙa kicin na ce wa matar Ƙarami ta kawo masa abin rufa maza-maza, ta kuma taso mijinta. Ni kuma na ruga gida in ɗauko nawa bargon, wanda ke can ƙasan akwati tun bara. Kafin in ciro shi in dawo, minti goma bai cika ba.

Bargunan gidan suna jikin yara, matar Ƙarami kuma ba ta son ciwo ya ɓata na ɗakinta. Sai ta je tarin tarkacen da aka jibge a bayan kicin lokacin gyaran ɗaki, ta zaro wani abu mai kauri, ta kakkaɓe, ta lulluɓa masa.

Na tarar ɗakin tsit. Baba ya daina dariya. Koren yadi ne a jikinsa, hannunsa mai lafiya yana bin gefensa a hankali, yadda yake taɓa kaya a kasuwa. Yatsunsa suka kai kan shuɗin facin nan, suka tsaya. Akwai ɗigon farin fenti a kusa da shi, ya kankare da farce ya duba.

"Labulen ɗakina ne," ya ce.

Ƙarami ya iso yana tsaye a bakin ƙofa cikin rigar sanyi mai kauri.

"Kaya ba sa son rana," Baba ya ci gaba, muryarsa a kwance. "Ba mai cire labule a ɗakin da ya ajiye kaya. Ba mai yin fenti a kansu." Ya ɗago ido. "Dila nawa suka rage?"

Ƙarami ya dubi ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Baba, ka ga yadda yanayin ya..."

"Na ji. Ina da rediyo." Ya ja labulen ya rufe ƙirjinsa. "Da ka ce mini ɗakin kake so, da na ba ka. Me na taɓa hana ka? Amma ka sa ni ina kwana ina tashi da kwalba kamar mahaukaci, ina roƙa maka sanyi."

"Zan gina maka wani, Baba, wallahi..."

"Je ka. Sanyi ake yi, kada ya kama ka."

Suka fita sum-sum, shi da matar. Na matso da bargona zan rufa masa. Ya dafe labulen da hannu, ya dube ni. Ban taɓa ganin ido irin wannan ba, ba fushi a cikinsa ko kaɗan, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Ke ma kin sani."

Ba tambaya ba ce. Na fara cewa, "Baba, hawan jininka ne na..." sai na ji muryata ta koma irin ta Ƙarami, na yi shiru.

"Mayar da bargonki, wannan ya ishe ni," ya ce. "Juya ni in kalli bango, Mama Nas."

Shekara biyu ina shiga wurinsa, ranar ce ya fara kira na da sunan da kowa ke kira na. Bai ƙara ce mini Likita ba.

Sanyin kwana biyu ya yi ya wuce, zafi ya dawo kamar ba a yi ba. Amma ya riga ya sauka a ƙirjin tsohon da ƙishirwa da gyambo suka cinye. Muka kai shi asibiti a rana ta huɗu, ya cika a ta tara. Bai tambayi ɗakinsa ba ko sau ɗaya, rediyon ma ya ce a kashe.

A sabon falon aka karɓi masu gaisuwa. Ina zaune daga gefe ina ji Ƙarami na yi wa kowa bayani iri ɗaya, yana share ido: sanyin nan ne da ya zo bagatatan, duniya ta rikice, wannan canjin yanayi sai dai Allah ya kyauta. Mutane na gyaɗa kai, wani har ya kawo labarin abin da ya ji a rediyo, wani kuma ya ce a ɗan rage na'urar, ta yi sanyi da yawa.

Ni ma ina tsoron abin da ke faruwa da duniyar nan. Na ga mangwaron da bai yi fure ba, na ga ruwa a watan da ba na ruwa ba, kuma ina da jikoki. Amma yanayi bai ɗauki gadon Baba ya kai bayan kejin kaji ba. Bai kira mai fenti ba, bai hana a ja waya taku ashirin ba, kuma ba shi ne ya tsaya a kan tsoho sati uku yana cewa kaya lafiya lau suke ba. Wannan mu ne, kuma kowannenmu yana da dalilinsa mai kyau.

Da aka watse na je sito in kwaso almakashina da ragowar bandeji. An riga an share, har an fara jera kwalayen fankoki a inda gadon yake. Kwalbar tana nan a bakin taga, ba wanda ya kula da ita, man ya narke ya koma ruwa. Na ɗauke ta na shiga falon, na ajiye a tsakiyar teburin gilashi, daidai inda iskar na'urar ke sauka. Ƙarami ya dube ta, ya dube ni.

"Bar ta a nan," na ce masa. "Ba za ta daɗe ba za ta daskare. Sai ka san lokacin mayar da shi ɗakinsa ya yi."